Zama a Gidan Bajamushiya: Karatun da Ba a Yi a Aji

Duk wanda ya nemi karatu a Jamus ya san samun gurbi a jami'a ya fi samun ɗakin kwana sauƙi. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai ɗan abin da ake biya kowane zango. Amma kafin a ba ka biza sai ka nuna guzurinka, wanda tun Satumban 2024 ya kai Yuro 11,904 na shekara, a cikin asusun da ba za ka ciri fiye da 992 a wata ba. A birni irin Kolon, haya kaɗai tana iya lashe rabin wannan.

Ni ta wata hanya na samu mafita, wani tsari da ake kira Wohnen für Hilfe, wanda aka faro a Damshitat a 1992. Dattijon da ke da ɗaki babu kowa a ciki yakan ba ɗalibi, shi kuma ya biya da aikin hannu: kowane murabba'in mita na ɗakin, aikin awa ɗaya a wata. Ruwa da wuta da ɗumama ɗaki ne kawai za ka biya da kuɗi. Jinya ba ta cikin yarjejeniyar, sai cefane, share lambu, rakiya zuwa asibiti da makamantansu.

Mai masaukina a Kolon tsohuwar malamar firamare ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Ita ta sa hannu a takardar shaidar masauki da doka ta ce sai da ita baƙo zai yi rajista a ofishin gari cikin mako 2 da tarewarsa. Daga nan ta ja ni bayan gida ta nuna mini mazuban shara: shuɗi na takarda, rawaya na leda da gwangwani, ruwan ƙasa na ɓawon dankali da sauran abinci. Robar ruwa ba a yar da ita, ana mayarwa kanti a karɓi santi 25. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a tayar da hayaniya, ranar Lahadi kuma kantuna a rufe suke. In ka ce mata za ka dawo ƙarfe 7, to kafin 7 ta ɗora tukunya. Ai an ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura.

Sai dai akwai abin da ba a ɗaurawa, kuma gara a faɗe shi tun ranar farko. Na gaya mata ba na cin alade, ba na shan giya, ina salla sau biyar. Ba ta ga laifina ba, don Bajamushe ya fi son a fito masa a mutum da a yi masa kara. Ta ware mini kasko da wuri a firji, ta koyi duba bayan kwalin alewa don gudun sinadarin da ake samu daga alade. Nama kuwa wajen mahautan Turkawa na unguwar Ehrenfeld nake saye, inda babban masallacin birnin yake. Da azumi ya faɗo a Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen 10 saura na dare. Matar da ta saba cin abincin dare da wuri sai ga ta zaune tana jirana, ga miyar wake a rufe, ga dabino a faranti, tana duban agogo. Ranar Salla na tuƙa mata tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ajiye cokali ta wanke hannu.

A teburin nan bakina ya buɗe da Jamusanci. Malamar makaranta ba ta barin kuskure ya wuce, sai ka maimaita. Abokaina da suka haɗa gida da 'yan ƙasarmu sun fi ni jin daɗin hira, amma wasunsu har suka kammala ba su taɓa shiga falon Bajamushe ba. Ita ma ta ƙaru. Ta san sunan ɗan ƙasarsu Heinrich Barth, amma ba ta san ya shiga Kano a 1851 ba, ba ta kuma san cewa a Bon, maƙwabciyarsu, akwai masu watsa labarai da Hausa kullum ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne wajenmu. Fataken goro da ke zuwa Gwanja wajen maigida suke sauka a zango. Shi ne tafintansu, shi ke nuna musu kasuwa, shi ke tsaya musu in magana ta taso. Ɗalibin yau ma irin wannan tsani yake bukata.

Shawarata ga mai shirin tafiya ita ce ya bi ta ofishin kula da ɗalibai, kada ya tura wa kowa kuɗi don ya ga hoton ɗaki a intanet. A rubuta yarjejeniya: awoyin aiki, zuwan baƙi, amfani da kicin. Ɗaliba mace ta nemi gidan mace. Iyaye kuma in sun kira, bayan sun tambayi karatu, su ce a ba su mai gidan su gaisa. Wanda ya riƙe maka ɗa a ƙasar da ba ka da kowa ya cancanci wannan gaisuwa, ko da sai ɗan ya yi tafinta.