Tsuntsuwar da Ba Ta Saƙa Sheƙa, da Gardamar Wa Ya Fi Sanin Hanya

Daga cikin maganganun da suka daɗe suna yawo a majalisu har aka ɗauke su tamkar nassi, akwai cewa namiji, ko na mutum ko na dabba, shi Allah Ya hore wa baiwar gane hanya da riƙe wuri a ka, mace kuwa sai dai a yi mata jagora. Da labarin wata tsuntsuwar Amurka ya bazu, cewa an gwada ta an ga ta fi mijinta tuna wuri, sai waɗansu suka juya maganar suka ce ai ga hujja, mata ne da ƙwaƙwalwa. Duka ɓangarorin biyu gaggawa ta ɗebe su, domin da sun yi haƙurin bin bahasin zuwa ƙarshensa, da sun tarar mas'alar ba ta tsaya inda suke so ta tsaya ba.

Tsuntsuwar, wadda ake kira kaubad a Amurka ta Arewa saboda bin garken shanu da take yi, ba ta saƙa sheƙa, ba ta kwanci, ba ta ciyar da 'ya'ya. Al'adarta ita ce ta saka ƙwanta a sheƙar wata, kuma an lissafta fiye da iri 200 na tsuntsayen da take ɗora wa wannan reno, alhali a kakar ƙwai guda tana iya yin kusan 40. Mai jin wannan zai ce ragwanci ne, amma aiki ne mai wuyar gaske, domin bai isa ta ga sheƙa kawai ba. Wajibi ne ta san wadda ake kan saƙawa, da wadda mai ita ta fara ƙwai, da wadda aka yi nisa da kwanci har lokacinta ya wuce, sannan ta riƙe duk wannan a ka, ta kwana da shi, ta taso tun kafin fitowar rana ta nufi wadda ta dace ba tare da lalube ba, ta saka ƙwan cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, ta gudu kafin masu gida su farga. Misalinta kamar dillaliya ce, wadda ta san gidan da ake shirin biki, da gidan da aka riga aka yi sayayya, da gidan da sai jibi kuɗi za su shigo, ba kuwa a takarda ta rubuta ba. Namijin ba ya taya ta wannan nema ko kaɗan.

A shekarar 1993 Malam David Sherry, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Western Ontario ta ƙasar Kanada, shi da abokan aikinsa suka auna wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, wanda shi ne ma'ajiyar sanin wurare, suka tarar na macen ya fi na namijin girma, alhali a cikin danginta biyu masu renon 'ya'yansu da kansu ba a ga wannan fifiko ba. A 2014 kuma Mélanie Guigueno da su Sherry suka jera kofuna 25 a ɗaki, guda ɗaya tak ke da abinci, suka riƙa maido da tsuntsayen bayan kwana guda. Matan suka fi mazan ƙarancin kuskure, suka kuma fi su miƙewa kai tsaye zuwa kofin.

To, a nan masu murna suka tsaya da karatu, ni kuwa a ganina a nan ne karatun ya fara. A Ajantina akwai iri uku na dangin wannan tsuntsuwa, waɗanda Juan Reboreda da Nicola Clayton da Alex Kacelnik suka gwama a 1996. A irin da macen ke neman sheƙa ita kaɗai, an sami fifikon nan na girman hifokamfas a wajenta. A irin da mata da miji ke fita nema tare, duk da cewa su ma masu ɗora reno ne, babu bambanci tsakaninsu. Haka nan a na ukun, mai renon 'ya'yansa. Da a ce macentaka ce illar hukuncin, da lalle an same shi a duka ukun, amma sai ga shi yana bin wanda nauyin nema ke wuyansa. Haka abin yake ta ɗaya fuskar: a wani irin ɓeran makiyaya na Amurka, wanda namijinsa ke yawo mai nisa yana neman mata da yawa, namijin ne ya fi gane hanya, a ɗan'uwansa mai zama da mace ɗaya kuwa sun yi kunnen doki. Bal ma ita Guigueno ɗin, da ta sake gwada kaubad a 2015 da allon kwamfuta wanda tsuntsu ke tsattsaga da baki, inda ake bukatar tuna wuri na ɗan taƙaitaccen lokaci, mazan ne suka yi rinjaye. Wannan labari na biyu bai sami masu yaɗa shi kamar na farko ba, kasancewar ba ya yi wa kowa amfani a gardama. Ɗauko hukuncin tsuntsu a ɗora wa 'yan Adam kuwa, waɗanda tarbiyya da sana'a da yawan tafiya ke sarrafa saninsu, shi ne abin da malamai ke kira ƙiyasi ma'al fariƙi, wato kwatanta abubuwa biyu da ke da bambanci a tsakaninsu.

Mu ma a ƙasarmu muna da masu wannan ɗabi'a, sai dai iliminsu ta wata ƙofa ya biyo. Akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu, baƙi mai sheƙi, da ke saka ƙwai a sheƙar 'yan jajayen tsuntsayen nan masu tsintar tsaba a tsakar gida. Robert Payne na Jami'ar Michigan ya tabbatar da cewa namijinsa yakan koyi kukan waɗanda suka rene shi ya riƙa rerawa idan ya girma, macen kuwa, wadda ba ta rerawa, takan riƙe kukan a ka, ta zaɓi miji mai yin sa, sannan ta nemi sheƙar irin waɗanda suka rene ta. Ta hanyar bin kukan wani irinsa na duwatsun Jos ne Payne ya kai ga tsuntsun da ke renonsa, wanda masana ba su taɓa rubuta shi a littattafansu ba sai a 1998.