Auna Ƙwazon Mai Bugu a Wasan Besbol

1.0 Gabatarwa

Besbol wasa ne da ya shahara a Amurka, inda ɗan wasa ke jefo ƙwallo, abokin hamayyarsa ya buge ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaya zanguna huɗu. Da alƙaluma ake yanke wa mai bugu albashi, da su kuma ake sallamarsa. Saboda haka kuskuren ma'auni ba ƙaramin abu ba ne.

1.1 Tsohon Ma'auni

Tun ƙarni na 19 ake amfani da matsakaicin bugu, wanda ake dangantawa da ɗan jarida Henry Chadwick. Ana raba adadin bugun da ya yi nasara da adadin damar da aka ƙirga wa ɗan wasa. Alal misali, a shekarar 1941 Ted Williams ya yi nasara sau 185 cikin dama 456, wato 0.406.

Sai dai ma'aunin yana da naƙasu biyu. Na farko, idan mai jifa ya kauce wa gurbin da aka ƙayyade sau huɗu, mai bugu yakan wuce zangon farko kyauta, amma ba a lissafa masa wannan. Na biyu, bugun da ya kai zango ɗaya da wanda ya zagaya duka huɗun maki ɗaya suke samu.

1.2 Gyare-gyare

A 1954 Branch Rickey da Allan Roth suka jawo hankali ga ma'aunin isa zango, wanda ke ƙirga har da wucewar kyauta. A 1984 aka amince da shi a hukumance. Akwai kuma ma'aunin ƙarfin bugu, mai bai wa kowane bugu maki gwargwadon zangunan da ya kai. Akan haɗa biyun wuri guda. Ƙungiyar Oakland Athletics ta dogara da irin wannan lissafi a 2002 wajen ɗaukar 'yan wasan da wasu suka raina.

1.3 Nunawa a Zane

A 2015 aka kafa na'urorin Statcast a dukkan filaye 30 na babbar gasar, suna auna gudun ƙwallo da kusurwar tashinta. Daga nan ake zana taswirar fili, kowane ɗigo yana nuna inda ƙwallo ta faɗa. Da irin wannan taswira masu tsaro suka riƙa taruwa a ɓangaren da mai bugu ya fi aika ƙwallo, har aka taƙaita yin hakan a 2023.

1.4 Kammalawa

An ga cewa kowane ma'auni yana bayyana wani abu, ya ɓoye wani. Kafin a yanke hukunci da lamba, wajibi ne a tambayi abin da aka ƙirga da abin da aka bari.