Jujin shekara 500 da ya zama lambu: Abin da na gano a dandalin shaƙatawa na Azhar

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka birnin Alƙahira na ƙasar Masar domin saro kaya ya san yadda kasuwannin Ataba da Muski suke. Hayaƙi ne da ƙarar motoci da cunkoson jama'a, ɗan dako ya ture ka ta nan, mai shago ya ja rigarka ta can. Mafi yawan mutanenmu kwana biyar ko mako guda suke yi, daga masauki sai kasuwa sai wurin masu auna kaya, su juyo gida ba tare da sun san cewa ƴar tafiya kaɗan daga masallacin Azhar akwai wani lambu mai faɗin hekta 30, wato sama da filin ƙwallo 40, inda mutum zai zauna kan ciyawa ya ji ƙarar ruwa a tsakiyar birnin da ruwan sama bai cika sauka ba.

Ni ma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayana na raka asibiti, muka yi kusan mako biyu daga ɗakin likita sai masauki. Ranar da aka ce jiki ya yi sauƙi, ɗansa da ke karatu a Azhar ya dube ni ya ce, "Baffa, ka gaji. Yau bayan la'asar zan kai ka inda za ka sha iska." Na bi shi ne don kada in watsa masa ƙasa a ido, amma abin da na gani ya sa har yau in na wuce ta bayan kasuwarmu sai in tsaya ina tunani.

Ƙofar lambun tana kan babban titin Salah Salem. Muka sayi tikiti muka shiga. Abin da ya fara tarbar mu shi ne wani fili da aka shimfiɗe da duwatsu, ruwa na tsartuwa daga ƙarƙashin ƙasa, yara na ratsawa a guje suna jiƙa rigunansu, iyaye na gefe suna dariya. Daga nan wata doguwar hanya ta miƙe sak, an jera mata dogayen itatuwa dangin dabino dama da hagu, ga ƴar magudanar ruwa mai tsabta tana bi ta tsakiya. In ka ɗaga kai a kan wannan hanya, idonka zai sauka ne kai tsaye kan tsohuwar fadar Salahuddini da masallacin Muhammad Ali da ke kan tudu. Da gangan masu tsara wurin suka fuskantar da hanyar can.

A ƙarshen lambun ta kudu akwai tafki da wurin shan shayi a bakinsa, ta arewa kuma gidan abinci a kan tudu. Amma ba nan jama'a suka fi yawa ba. A kan ciyawa suke. Ga magidanci da iyalinsa sun shimfiɗa zane, ga ɗalibai da littattafansu, ga ango da amarya ana ɗaukar su hoto, ga tsoho shi kaɗai yana jan tasbaha. Na lura da wani abu guda: duk yawan mutanen nan, da wuya ka ga leda a ƙasa, domin kuwa ga kwandon shara a kowace kusurwa, ga ma'aikata na zagayawa.

Muna tsaye kan tudu ina yaba wurin, sai yaron nan ya ce da ni, ai inda muke tsaye ɗin nan juji ne. Na ɗauka wasa yake yi.

Yadda aka kwashe jujin

Sunan wurin na asali Darasa. Tun zamanin da, mutanen birnin suke fitowa bayan ganuwa ta gabas suna zubar da shara da ɓaraguzan gini a nan. Shekara kusan 500 ana haka, har jujin ya zama tudu, iska na kwasar ƙurarsa tana watsa wa unguwannin da ke kusa.

A shekarar 1984 aka yi wani taro a Alƙahira a kan yadda birnin ke bunƙasa. A nan ne Aga Khan na huɗu, shugaban mabiya Isma'iliyya, ya yi alkawarin bai wa birnin kyautar lambu. Kakanninsa Faɗimiyyawa ne suka kafa Alƙahira a shekarar 969, su ne kuma suka gina masallacin Azhar. A lokacin taron, wani lissafi da aka yi ya nuna cewa in da za a raba wa mazauna birnin wuraren da ke da ciyawa da itatuwa, kowa zai samu ne kamar faɗin sawun ƙafarsa.

To amma alkawari daban, cikawa daban. Hukumomi sun riga sun tsara gina manyan tankunan ruwan sha guda 3 a wurin, kowane da faɗin mita 80, don haka dole aka jira. Sai da aka gama su, bayan tsakiyar shekarun 1990, aka shiga aikin gadan-gadan, kuma maimakon a ce tankunan sun ɓata shiri, sai aka rufe su da ƙasa aka yi shuka a kansu. Yau mutum zai zauna a kan ruwan da unguwanni ke sha bai sani ba.

Ƙasa da sharar da aka motsa sun kai lodin babbar mota sama da 80,000. Ku da kuka saba ganin layin motoci a bakin iyaka ku ƙiyasta: in kowace mota tana da tsawon mita 10 aka jera su, layin zai kai kilomita 800, ya fi nisan Yamai zuwa Maraɗi. Bayan kwasar shara sai wata matsala ta taso, wato gishiri ya yi yawa a ƙasar, ba kowane icce ne zai rayu a cikinta ba. Sai aka buɗe wuraren renon itatuwa, aka yi ta gwaji shekara da shekaru ana ware irin da ke jure wa wurin, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Tsirrai sama da 650,000 aka dasa. An yi bikin buɗe lambun a shekarar 2005, wato shekara 21 bayan alkawari, bayan ya ci kimanin dala miliyan 30, sama da miliyar 15 na sefa a canjin wancan lokaci. Shi mai kyautar ya rasu a watan Fabrairu na 2025, aka rufe shi a garin Aswan na ƙasar ta Masar.

Abin da shara ta ɓoye

Ana cikin haƙa ne aka ci karo da abin da ba da shi aka yi lissafi ba. Ashe ganuwar da Salahuddinil Ayyubi ya fara ginawa a shekarar 1176 tana nan kwance a ƙarƙashin jujin, da hasumiyoyinta da ƙofofinta, sharar da ta binne ta ita ce kuma ta kare ta daga masu kwasar duwatsu. An tono kusan kilomita ɗaya da rabi an gyara. Na sauka na dafa duwatsun da hannuna, na tuna da ganuwar Damagaram da ta Katsina, waɗanda ruwa da masu ɗibar ƙasa suka cinye mafi yawansu muna kallo.

A bayan wannan ganuwa unguwar Darbul Ahmar take, tsohuwar unguwa ce ta talakawa da masu sana'ar hannu. A nan ne na ga hikimar masu aikin. Sun fahimci cewa lambu mai kyau ba zai zauna lafiya a gefen unguwar da ke rushewa ba. Don haka aka haɗa aikin da gyaran gidajen mutane, da ba da ƙananan rance ga masu sana'a, da koya wa matasa sassaƙar dutse da aikin kafinta, su ɗin kuma aka ɗauka aikin gyaran ganuwa. An kuma gyara tsofaffin masallatai da makarantu irin su Ummu Sulɗan Sha'aban da Khayrbak. Wanda ya ci abinci daga wuri kuwa ba ya bari a ɓata shi.

Maganar kuɗin ƙofa

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, kuɗin ƙofar nan ya ɗan tsaya mini a rai. Magidanci mai ƴaƴa shida da ke neman na cefane ba kullum zai iya kawo su ba, alhali shi ya fi kowa bukatar inuwa. Wannan gaskiya ce, kuma su kansu Misirawa suna faɗinta.

Sai dai a ɗaya gefen, tun farko an tsara wurin ne ya riƙa ɗaukar nauyin kansa. Kuɗin tikiti da na gidajen abinci su ke biyan mai ban ruwa da mai shara da mai gadi. Ruwan saman da Alƙahira ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 25 ba, abin da hadari ɗaya ke zubar mana a dare guda cikin watan Agusta. In aka daina ban ruwa na ƴan makonni, shi ke nan. Mu kuwa mun sha ganin yadda ake yi: a zo da makaɗa da ƴan jarida a dasa itace, a yi jawabi, a watse, bayan wata biyu awaki sun gama da shi. Dasawa ba ita ce wahala ba, reno ne wahala.

Mu dawo gida

Ba na cewa a kawo miliyar 15 a kasuwar Konni ko Ɗan Isa ko Magarya ko Jibiya ko Maigatari. Ba mu da Aga Khan, kuma ba sai mun jira shi ba. Abin da ya fi kuɗi muhimmanci a labarin nan shi ne fili. Shekara 21 aka yi ana jira, a tsakiyar birnin da taƙi ɗaya na ƙasa ke da tsadar gaske, amma ba a yanka wurin an sayar ba.

A wurinmu fa? Kusan kowace kasuwar kan iyaka tana da jujinta a baya, inda leda ke tashi sama in an yi iska, dabbobi su ci su kumbura su mutu, da damina ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Tun 2014 aka yi dokar hana leda a Nijar, amma kowa ya san abin da ake ƙulla masa tumatir a ciki. Ranar kasuwa kuwa, baƙon da ya taso tun asuba ba shi da inda zai zauna sai ƙarƙashin babbar mota, mata masu goyo su raɓe a gindin katanga. Kuma duk ranar da aka kwashe wani juji, kafin a ce me, an auna wurin an fitar da shaguna.

Muna da darasi a gida. A shekarar 1965 aka fara dasa zoben itatuwa kewaye da Yamai domin tare iska da rairayi, aka yi nufin ya kai kimanin hekta 2,500, mafi yawansa dogon yaro. Yau gidaje da filayen da aka yanka sun cinye babban ɓangarensa. A gefe guda kuma, manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, suka daina sare tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna sassabe suna barin masu ƙarfi, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a faɗin hekta miliyan 5. Babu wanda ya ba su dala miliyan 30. Bambancin kawai shi ne iccen gona yana da mai shi, iccen gari kuwa na kowa ne, wato ba na kowa ba.

Saboda haka shawarata ga sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin ƴan kasuwa ita ce, tun kafin a gama rabon filaye, su je wurin magajin gari su nemi a keɓe ko da rabin hekta ne a gefen kasuwa, a yi takarda a buga hatimi cewa ba na sayarwa ba ne. A kewaye shi, a dasa dogon yaro da ɗorawa da tsamiya da mangwaro, a kafa bencina da randar ruwa da wurin alwala. Sa'an nan a yanke ɗan abin da kowace rumfa za ta riƙa bayarwa ranar kasuwa, a ɗauki mutum biyu daga unguwar da ke kusa, aikinsu ban ruwa da gadi, a kuma riƙa karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a. Tun 1975 ake dashen itace ran 3 ga Agusta a ƙasar nan. Da kowace kasuwa ta reni goma kacal a shekara, da yanzu ba wannan magana muke yi ba.

Ga wanda Allah Ya nufa da zuwa Alƙahira kuwa, ya daure ya ware yamma ɗaya. Ya shiga bayan la'asar, ya guji ranar Juma'a in ba ya son cunkoso, ya hau tudu ya jira magariba. Muna zaune a nan rana ta faɗi a bayan hasumiyoyi, sai ladanai suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, daga masallatan da ba zan iya ƙirgawa ba, har kiran sallar ya game birnin baki ɗaya. Muka yi sallah, muka sauko muka nemi motar komawa asibiti.

Allah Ya ba mu shugabanni masu barin fili, Ya ba mu haƙurin renon abin da muka dasa.