"Ba Rabo Ba Ne" da "Kawo Agogonka": Hanya Biyu ta Haɗiye Faɗuwa a Tseren Hawan Dutse

Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce. Matashin da ke fitowa atisaye bayan sallar asuba a Gyaɗi-Gyaɗi zai iya kama titin Zariya daga ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano, ya karya ta titin Gidan Zu, ko ya miƙe titin Maiduguri har Hotoro, bai gamu da hawan da ya wuce na gadar sama ba. Tudun birnin bai kai mita 500 daga bakin teku ba, kuma Dala da Goron Dutse, duk da sunan da suka yi a tarihi, mai ƙafa zai haye kowannensu cikin 'yan mintoci. Idan irin wannan matashi ya ji labarin tseren hawan dutse, ya tara kuɗin mota ya je, ya dawo da sakamakon da ko a waya ba ya son faɗa, murya biyu zai tarar suna jiransa. Ta farko ta dattawan majalisar ƙofar gida ce: "Sannu da ƙoƙari, ɗana, ba rabo ba ne." Ta biyu ta mai horar da shi ce: "Kawo agogonka mu ga inda ƙafa ta ƙare." Dukansu masoyansa ne, amma ba hanya ɗaya suke nuna masa ba.

Kafin a auna su, sai an san irin tseren da ake magana a kai. A Najeriya, wanda ya fi suna shi ne na Obudu a jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005 zamanin gwamna Donald Duke. Tsawonsa kimanin kilomita 11 ne kawai, tazarar da mai gudun fanfalaki zai raina. Sai dai hawa ne tun daga gindi har ƙoli, kusan mita 800, a kan titi mai kwana-kwana da ke ƙarewa a tudun da ya kai wajen mita 1,600. A shekarun da ake yin sa, na ɗaya yana tafiya da dala 50,000, kuɗin da ya jawo gwanaye daga ko'ina. Ben Dubois ɗan Ostareliya ne ya ci na farko a ɓangaren maza, daga 2006 kuwa 'yan Kenya da Habasha suka mamaye shi. A irin wannan tsere babu wurin hutawa. A kan kwalta mai lebur, wanda ya fara da zafi yana iya sassautawa ya maido numfashi. A kan hawa, ko ka sassauta dutsen bai sassauta ba. Taku yana gajarcewa, cinya da sha-raɓa suna ɗaukar wuta, haki yana ƙaruwa, kuma duk gaggawar da ka yi a ƙasa sai ka biya ta a sama.

Maganar majalisa tana da gaskiyar da ba a cika ba ta haƙƙinta ba. Akwai faɗuwar da aka gama yanke ta tun kafin a busa usur, kuma ba laifin mai gudu ba ce. Iska a kan tudu ba ta ƙosar da huhu kamar ta ƙasa. Jikin da ya daɗe a can yana sabawa: ƙoda tana sakin wani sinadari da ke sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, masu kai iskar shaƙa ga tsoka. Wannan aikin makonni ne, ga wanda aka haifa a can kuwa gado ne na tsawon rayuwa. Garin Iten na Kenya yana kan mita kusan 2,400. Bekoji na Habasha, mahaifar Kenenisa Bekele da Derartu Tulu, yana kan wajen 2,800. Yaron da ya tashi yana zuwa makaranta a ƙafa a irin waɗannan garuruwa ya riga ɗan Tarauni barci, dole ya riga shi tashi.

Babu misalin da ya fi na Ron Clarke fito da wannan a fili, ko da yake shi a kan fili ya yi nasa tseren ba a kan dutse ba. Ɗan Ostareliya ne, ya tashi a Melbourne a bakin teku, kuma shi ne mai riƙe da bajintar duniya a gudun mita 10,000 lokacin da aka je gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tudun mita 2,240. Bai yi sakaci ba, don sai da ya je tsaunukan Turai ya yi atisaye kafin gasar. Duk da haka na shida ya zo, ya yanke jiki ya faɗi a bakin layi, sai da likita ya sa masa iska. Naftali Temu na Kenya ne ya ci, Mamo Wolde na Habasha ya bi masa, kuma lokacin da Temu ya ci da shi ya gaza bajintar Clarke da kusan minti biyu. Me lissafi zai ƙara wa mutum irin wannan? Ya kafa bajintar duniya har 17, bai taɓa ɗaga zinaren Olamfik ba, kuma hakan bai hana shi rayuwa ba: daga baya ya zama magajin garin Gold Coast daga 2004 zuwa 2012. Ga Clarke, "ba rabo ba ne" ita ce cikakkiyar magana.

Amfanin wannan hanya shi ne tana raba mutum da sakamakonsa. Tana ce masa kai ɗanmu ne ko ka zo na ɗaya ko na ɗari, ga tuwo ka ci, ga tabarma ka kwanta. A daren farko bayan faɗuwa babu abin da ya kai wannan daraja, domin mai gudun da ya gaji ba ya iya tunani mai kyau, komai baƙi yake gani. Da yawa daga masu barin wasa a wannan dare suke yanke shawara, suna cikin ciwon jiki da kunya. Majalisa tana hana su yanke hukunci da zafi.

Illarta kuwa ita ce tana da daɗin da ke sa a zarce da ita. Kalma ɗaya ce ake faɗa wa wanda ya yi wata shida yana shiri da wanda ya yi mako biyu. Wanda ya fita da gudu kamar an koro shi, ya ƙone a kwana ta biyar, shi ma "ba rabo ba ne". Wanda ya sa sabon takalmi ranar tsere ya fasa masa ƙafa, haka. Wanda ya kwana a mota ya sauka da asuba ya shiga layi, haka. Idan aka haɗa duk waɗannan a buhu ɗaya aka ɗaure da sunan ƙaddara, an jiƙa zuciyar yaro amma an hana shi darasi, kuma baɗi zai koma ya maimaita abin da ya yi bana. Malamanmu sun daɗe suna bambance tawakkali da kasala. Sau da yawa abin da muke kira rabo a tseren hawa, fafe gora ne ranar tafiya.

Hanyar mai horarwa ta wani gefen take ɓullowa. Ita ba ta tambayar yadda ka ji, tana tambayar abin da ya faru. Minti nawa ka yi a kilomita ta farko, nawa a ta takwas? A ina aka fara wuce ka? Numfashi ne ya fara yankewa ko ƙafa ce ta yi nauyi? Me ka ci daren jiya, awa nawa ka yi barci, hawa nawa ka yi a watannin shiri? Kowace amsa tana nuna gyara daban. Idan numfashi ne, ana buƙatar doguwar tazara da zama a tudu. Idan ƙafa ce, ana buƙatar maimaita hawa da ƙarfafa cinya. Idan rabin farko ya fi na biyu sauri nesa ba kusa ba, to ba jiki ne ya gaza ba, ɗoki ne, kuma maganinsa kyauta ne.

Jim Walmsley na Amurka shi ne madubin wannan hanya. Akwai wani tsere da ake kira UTMB, wanda ke kewaye tsaunin Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, tazarar kusan kilomita 170 da hawan da jimillarsa ta kai mita 10,000. Walmsley ya zo na biyar a 2017, ya kasa ƙarasawa a 2018, ya sake kasawa a 2021. A garinsu Flagstaff ba tudu ya rasa ba, don garin ya haura mita 2,000. Abin da ya gane shi ne hawan Turai ya fi tsini, ga sanyi, ga gudun dare, ga amfani da sanduna. Sai ya kwashe kayansa a 2022 ya koma wani ƙauye a tsaunukan Faransa, kusa da François D'Haene wanda ya ci tseren sau huɗu. A shekarar ya zo na huɗu, bai koma gida ba. A 2023 ya ci, cikin awa 19 da minti 37, ya zama namiji Ba'amurke na farko da ya yi hakan. Da ya tsaya a kan "ba rabo ba ne" tun 2018, da ba wanda zai zarge shi, kuma da ba wanda zai tuna shi a wannan tsere.

Amma ita ma wannan hanya tana da dafinta. Agogo ba ya tausayi, kuma ba ya san abin da ba a rubuta masa ba. Bai san yaron ya fita atisaye da ruwan bunu a ciki ba, bai san yana tsaron shago daga safe zuwa dare ba, bai san zazzaɓi ya kwantar da shi saura mako biyu ba. Mai horarwar da ya ɗora lokacin ɗan Kano a kan na ɗan Iten ya ce "dubi tazarar", bai koyar da komai ba, karya gwiwa ya yi. Akwai kuma mai gudun da lissafi ke zama masa ciwo: ya riƙa juya tseren a kansa dare da rana, da na yi kaza, da ban yi kaza ba, har ya koma fili kafin jiki ya warke, ya ninka atisaye don huce haushi, ya ƙare da rauni. Walmsley kuma yana da kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa. Ba kowane darasi da agogo ya nuna ne talaka ke da kuɗin aiki da shi ba.

Idan aka jera su gefe da gefe, za a ga ba ciwo ɗaya suke magani ba. Majalisa tana duban mutum, mai horarwa yana duban tsere. Majalisa tana ɗauke laifi gaba ɗaya, har da wanda ya kamata a ɗauka. Mai horarwa yana iya ɗora laifi gaba ɗaya, har da wanda ba na yaron ba. Ta farko tana aiki nan take amma ba ta ciyar da kai gaba. Ta biyu tana ciyarwa gaba amma idan aka kawo ta da wuri ƙona zuciya take yi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya tafka asara yakan ce "Allah Ya mayar da alheri" da gaskiyar zuciya, sannan da dare ya buɗe littafi ya ga wace dila ce ta cinye ribar. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba, kuma shi ya sa gobe yake buɗe shago.

Ana iya ganin haɗuwarsu a kan Sarah Etonge ta Kamaru. Tseren Dutsen Kamaru, da aka fara a 1973 a garin Buea, hawa ne zuwa ƙolin da ya haura mita 4,000 da gangarowa a yini guda. Wannan baiwar Allah, uwar 'ya'ya bakwai, ta ci shi sau huɗu a jere daga 1996 zuwa 1999. Bayan haka ba kowace shekara kambun ya zo hannunta ba, amma ta ci gaba da komawa har ta cika na bakwai a 2005. Wanda ba ya iya haɗiye faɗuwa ba zai daɗe haka ba, wanda ba ya gyara ma ba zai sake ci ba.

Abin da ya rage shi ne wace ce za a fi nauyaya wa ɗan Gyaɗi-Gyaɗi. A ganina ta mai horarwa ce, ba don ta fi gaskiya ba, sai don ita ce muke da ƙarancinta. Haƙuri ba ya yanke mana: uwa za ta ba shi, liman zai ba shi, abokai za su ba shi. Abin da babu shi ne littafin atisaye, da wanda zai zauna ya karanta shi tare da yaro. Kuma gyaran bai yi nisan da ake zato ba. Dala da Goron Dutse gajeru ne, amma hawa goma a jere hawa ne mai tsawo. Akwai duwatsun Rano, akwai na Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, akwai Kufena a Zariya. Jos tana kan mita kusan 1,200, tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Kano, kuma ba banza ba ne 'yan Filato, musamman na yankin Fankshin, suka yi fice a gudun dogon zango a ƙasar nan. Wata guda a can kafin tsere ba zai mayar da ɗan Kano ɗan Bekoji ba, amma zai rage tazara, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin ƙungiyar unguwa ko attajiri ɗaya mai kishin wasa ba.

Saboda haka, duk wanda ɗansa ko ƙaninsa ya dawo daga tseren hawa kansa a sunkuye, ya yi masa sannu, ya ce ba rabo ba ne, ya bar shi ya ci ya yi barci, kada ya tambaye shi na nawa ya zo. Bayan mako guda, idan ciwon cinya ya tafi, a zaunar da shi da takarda da biro a raba faɗuwar gida biyu: abin da ba ya hannunsa, a bar wa Allah, abin da ke hannunsa, a sa masa ranar fara gyara. Wanda aka yi wa na farko aka hana shi na biyu, an so shi amma ba a taimake shi ba.