Akwatin Sitiyarin Tsohuwar Mota: Yadda Ake Ba Shi Mai da Kula da Shi

Akwatin sitiyari wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da ake ɗaurewa a jikin shasin mota, daidai inda sandar sitiyari ta ƙare. Girmansa bai wuce na ƙaramar butar shayi ba, amma ta cikinsa ne duk wani juyi da hannun direba ya yi yake bi kafin ya isa tayoyin gaba. Motar da ba ta da famfon da ke taimaka wa sitiyari ta dogara ne kacokan ga wannan akwati da ƙarfin damtsen direba. Ƙarafan cikinsa suna da ƙwari, sukan yi shekaru da dama suna aiki. Abu biyu ne suka fi kashe su: bushewa saboda rashin mai, da ɗaurin da ya wuce kima.

A birnin Accra, wanda Hausawan zango ke kira Ankara, har yanzu ana cin karo da irin waɗannan motoci a garejin Odawna da ke gefen unguwar da ake kira Circle, da kuma lungunan Nima da Maamobi inda fitoci, wato makanikai, ke aiki a bakin hanya. Akwai tsofaffin Land Rover, da Volkswagen mai siffar kunkuru, da Datsun da Toyota 'yan ɗaukar kaya, da Benz 207 da ta daɗe tana aikin trotro, wato motar haya. Wasu masu motocin sun riƙe su don sha'awa, wasu kuwa da su suke neman abinci.

Abin da ke cikin akwatin

A ƙarshen sandar sitiyari akwai wani guntun ƙarfe mai murɗaɗɗen tsagi, kamar zaren da ke jikin kusar noti. Boris biyu ne ke riƙe da shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A gicciyensa kuma akwai wata sanda gajeriya mai kauri wadda ta fito waje ta ƙasan akwatin, aka ɗaura mata hannun ƙarfe. Idan direba ya juya sitiyari, murɗaɗɗen ƙarfen yana juyawa, ya karkata gajeriyar sandar, hannun ya tura ko ya ja tayarod, tayoyi su juya.

Yadda murɗaɗɗen ƙarfen ke haɗuwa da gajeriyar sandar shi ne ya raba akwatuna iri-iri. A wasu, haƙora ne ko ɗan turke ke shiga cikin tsagin kai tsaye. A wasu, kamar Volkswagen na shekarun 1960 zuwa gaba, wani ɗan gare-gare ne ke birgima a cikin tsagin. Nau'i na uku shi ne mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa tsakanin tsagin da wani ƙaton noti, suna fita ta wani ɗan bututu su sake komowa. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa wannan nau'i a motar Cadillac a 1940, kuma shi ne a cikin tsofaffin Benz da Land Rover da Toyota Hilux.

A dukkansu manufar ɗaya ce, wato a rage nauyi. Direba yana juya sitiyari da yawa, taya tana juyawa kaɗan, shi ya sa hannu ɗaya ke iya karkata gaban motar da ta haura tan guda. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa tsofaffin motoci ke da sitiyari mai faɗi. Peugeot 404 da 504 kuwa ba su da wannan akwati, domin su da rak suke aiki, wata doguwar sanda mai haƙora da ke kwance a tsakanin tayoyi. Kulawar rak daban ce.

Irin man da ya dace

Yawancin tsofaffin akwatuna an ƙera su ne don man giya mai lamba 90, wasu kuma mai lamba 140 wanda ya fi kauri. Abin da akwatin ke ci bai kai rabin lita ba. Baƙin man inji bai dace ba, saboda ya yi ruwa-ruwa, kuma ba ya jure irin matsin da ke tsakanin haƙoran. Akwatin da ke da bushin na tagulla an fi so a ba shi man giya mai alamar GL-4, domin wasu mayukan GL-5 suna da sinadarin da ke cin tagulla.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika akwatin da giris mai kauri, irin wanda ake sa wa boris ɗin taya. Dalilin masu yin haka a bayyane yake: akwatin yana yoyo, giris kuma ba ya zuba. Sai dai akwatin sitiyari ba ya juyi da sauri, ba ya kuma yin zafin da zai narkar da giris. Da an murɗa sitiyari sau kaɗan, haƙoran sukan ture giris ɗin gefe, ya manne a bango, ya bar rami a tsakiya. Wanda ya buɗe murfi zai ga akwati cike taf da giris, alhali wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe a bushe yake ƙayau, boris na sama kuma ko ɗigo bai samu ba.

Tsakanin man giya da giris mai kauri akwai giris mai ruwa-ruwa, wanda ake sa wa lamba 00 ko 0. Kaurinsa kamar na koko ne mai ɗan nauyi: idan haƙori ya ture shi yakan malalo ya koma wurinsa, kuma ba ya saurin bi ta tsohon sil. Volkswagen ma daga baya ta koma sa irin wannan giris a akwatunanta. Shi ne mafita ga akwatin da ke ɗan tsattsafo kafin a samu damar canza sil. Littafin motar, idan yana nan, shi ne ke da magana ta ƙarshe a kan irin man da za a zuba.

Dubawa da ƙarawa

Ramin zuba mai yana saman akwatin ko a kafaɗarsa. Kafin a taɓa shi, sai a wanke kewayensa da kananzir da buroshi, a goge da tsumma, don kada ƙasa ta faɗa ciki. A lura sosai a bambanta marfin ramin da kusar saiti, wadda ita ma a sama take. Kusar saiti tana da tsagar sukundireba a ka, da noti mai kulle ta. Yaron gareji da bai ƙware ba yakan kwance ta yana zaton marfi ce, ya ɓata saitin akwatin gaba ɗaya.

Idan an cire marfin, ana so a ga mai ya kai bakin ramin daga ƙasa. Idan ido bai gani ba, sai a tsoma tsinke mai tsabta. Launin abin da ya fito yana faɗar halin da akwatin ke ciki. Mai mai launin zuma lafiyayye ne. Wanda ya yi fari-fari kamar shayi da madara ya sha ruwa. Wanda ya yi ja yana nuna tsatsa, wanda kuma ke ƙyalli da garin ƙarfe yana nuna cewa haƙora ko boris sun fara cinyewa. Ana ƙara mai a hankali da sirinji ko gorar roba mai siririn baki, ana juya sitiyari hagu da dama don iska ta fita. Yawancin akwatunan ba su da ramin juye mai a ƙasa, don haka gurɓataccen mai da sirinji ake zuƙe shi, ko a cire murfin gefe. Ya kamata a riƙa yin wannan dubawa duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai.

Hanyar da mai ya fi bi ya tsere ita ce sil na ƙasa, inda gajeriyar sandar ta fito. Alamarsa ita ce hannun ƙarfen ya jiƙe, ƙura ta manne masa ta yi baƙi. Canza wannan sil yana bukatar a cire hannun, kuma da abin zaro shi ake cirewa. Dukansa da guduma yana aika girgiza cikin akwatin, ya lotsa boris. Kafin a cire, ana yin alama a kan hannun da sandar don a mayar da shi daidai inda yake.

Ruwa, ƙura da gishiri

Yanayin Ankara yana da wuya ga wannan akwati. Circle kwari ne, kogin Odaw ya ratsa ta gefensa, kuma magudanar da ta bi ta tsakanin Nima da Maamobi can take kai ruwanta. Damina tana ƙarfi a watan Yuni, kuma ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai ta hallaka mutane sama da 150, ta nuna iyakar inda ruwa ke kaiwa a wannan wuri. Ko bayan buɗe sabuwar gadar sama ta Kwame Nkrumah a 2016, garejin Odawna suna shan ruwa idan sama ta yi nauyi.

Akwatin sitiyari a ƙasa yake, don haka motar da ta ratsa ruwa ya kai cibiyar taya, ko ta kwana a cikinsa, tilas a duba manta. Ruwa ya fi mai nauyi, yakan kwanta a gindin akwatin, daidai inda boris na ƙasa da bushin suke. Cikin 'yan makonni sai tsatsa ta yi musu ramuka, sitiyari ya fara kakkamawa. Lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana haɗuwa da man da ya yoyo ta zama kamar garin wasa wuƙa a bakin sil. Iskar teku mai gishiri tana cin kusoshin da suka ɗaure akwatin da shasi, da shi kansa shasin.

Wasan sitiyari da saitinsa

Kowane akwati yana da ɗan wasa, wato ɗan juyin da sitiyari ke yi kafin taya ta motsa. Ana gwada shi mota na tsaye a ƙasa, tayoyi sun miƙe. Idan bakin sitiyarin ya motsa kamar santimita biyu zuwa uku, faɗin yatsu biyu ke nan, babu laifi. Idan ya kai faɗin tafin hannu, motar za ta riƙa yawo a titi, direba yana ta kamo ta.

Yawan wasa ba kullum daga akwatin yake ba. Mastan gareji mai hankali yakan sa yaro ya zauna yana kaɗa sitiyari a hankali, shi kuma ya kwanta a ƙasa ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da hannu: mahaɗin sandar sitiyari, kawunan tayarod, bushin, boris ɗin taya, da kusoshin jikin shasi. A Land Rover akwai wani ƙaramin mahaɗi a gaban shasi da ke da nasa man daban, kuma sau da yawa shi ake mantawa. Sai an tabbatar duk waɗannan lafiya suke, an kuma cika akwatin da mai, sannan a kai sifana kan kusar saiti.

Ana ɗaga gaban motar da jak, a sa mata matokara, a daidaita sitiyari a tsakiya. A tsakiya ake saiti domin maƙera sun yi akwatin ya fi matsewa a nan, ya ɗan saki a gefe biyu. Wanda ya yi saiti sitiyari na karkace zai tarar ya cije idan ya dawo tsakiya. Idan sandar sitiyari tana motsi sama da ƙasa, boris ɗin murɗaɗɗen ƙarfen ne suka saki, kuma su ake fara gyarawa, ko da babban noti ko da siraran faifan ƙarfe da ke ƙarƙashin murfi. Bayan haka sai a sassauta notin kulle, a murɗa kusar saiti kaɗan, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba, a riƙe ta da sukundireba a ɗaure notin, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ana maimaitawa har wasan ya ragu ba tare da an ji wurin da ya cije ba.

Gwaji na ƙarshe a kan titi ake yi. Idan mota ta fito daga kwana, sitiyari ya kamata ya nemi komawa tsakiya da kansa. Idan ya tsaya inda aka bar shi, ɗaurin ya yi yawa, sai a koma a sassauta. Akwatin da haƙoransa suka cinye a tsakiya ba ya saituwa: idan aka kashe wasan tsakiya sai gefe ya cije. Matse irin wannan da ƙarfi yana fasa boris, kuma yana iya kulle sitiyari mota na cikin tafiya.

Sayen wani da tsawaita kwanansa

Idan akwati ya ƙare, a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ake fara nema, sai Kokompe, sai Suame Magazine a Kumasi. Yawancin abin da za a samu na hannu ne, wanda 'yan kasuwa ke kira hom-yus. Mai saye ya juya sandar da yatsu daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya ji ko tana tafiya sumul, ya girgiza gajeriyar sandar ya ji ko bushin ya saki, ya duba kunnuwan da ake ɗaure akwatin ko sun tsage ko an yi musu walda. Ya kuma tabbatar da ɓangaren da sitiyarin yake. Gana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974, shekara biyu bayan Najeriya, kuma akwatin motar da sitiyarinta ke dama ba ya hawa wadda nata ke hagu. Akwatin da ya daɗe a kan kanta ana wanke cikinsa, a canza masa sil, a zuba sabon mai kafin a ɗaura.

Sauran kulawar tana hannun direba. Murɗa sitiyari mota na tsaye cik yana ɗora wa haƙoran nauyi mafi girma, don haka gara a bar motar ta ɗan gangara ana juyawa. Tayar gaba da ta rage iska, ko wadda ta fi ƙa'idar motar faɗi, tana ƙara wannan nauyi. Faɗawa rami ko bugun bakin kwata da gudu yana tura duka kai tsaye cikin akwatin, kuma bayan irin wannan bugu ya kamata a duba wasan sitiyari da kusoshin shasi kafin a ci gaba da ɗaukar fasinja ko kaya.