Sankarar gado: Su wane ne masu zana bishiyar dangi, kuma ina Haɗeja za ta same su?

A ɗauka wata mata daga Guri ko Kirikasamma ta zo Babban Asibitin Haɗeja da kullutu a mama, tana da shekara 34. Aka tura ta Kano, aka tabbatar sankara ce. A cikin hira ta ambaci cewa ƙanwar mahaifinta ta rasu da irin wannan ciwo, kakarta ta wajen uba kuma kumburin ciki ne ya yi ajalinta. Likitan da ke da layin marasa lafiya a ƙofa zai rubuta magani, ya sa ranar tiyata. Amma a cikin wannan 'yar hira akwai labarin da ya shafi ƙannenta, da 'ya'yanta, har da 'yan'uwanta maza. Akwai sana'a guda da aka ƙirƙira domin sauraron irin wannan labari, ita ce ta masu ba da shawara kan cututtukan gado.

Mafi yawan sankara ba gadonta ake yi ba. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke da tushe a ƙwayar halittar da mutum ya gada. Fitattun ƙwayoyin su ne BRCA1, wadda aka kammala gano ta a 1994 bayan aikin Mary-Claire King na 1990, da BRCA2 da ta biyo baya a 1995. Aikinsu a jiki shi ne gyara ɓarnar da ke samun ƙwayoyin halitta. Idan mace ta gaji ɗayansu da tawaya, haɗarin ta kamu da sankarar mama a tsawon rayuwarta yakan haura kashi 60 cikin 100, ga kuma haɗarin sankarar ƙwan mace. Namiji ma yana ɗauke da ita, yana gadar wa 'ya'yansa, kuma shi kansa yana fuskantar ƙarin haɗarin sankarar mafitsara ta maza. Kowane ɗa ko 'ya na mai ɗauke da tawayar yana tsakanin gada da tsira, rabi da rabi.

Lamarin ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan kafin ta koma Jami'ar Chicago, ta jagoranci dogon bincike kan sankarar mama a Najeriya tun daga 1998. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya duba mata 1,136 masu ciwon, ya samu kashi 7 cikin 100 suna da tawayar BRCA1, kashi 4 kuma BRCA2. Wato fiye da ɗaya cikin kowace goma. A Ibadan aka tattara waɗannan mata, don haka ba za a ɗauki adadin kai tsaye a ɗora wa matan kwarin Haɗeja ba. Sai dai a ƙasar da ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya ba ta sababbin masu sankarar mama sama da 32,000 a shekara, ko rabin wancan kaso ne ya tabbata, gidaje da yawa ake magana a kansu.

Mai ba da shawarar ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, ba ya yin tiyata. Kayan aikinsa na farko takarda ce da biro. Yana zana bishiyar dangi har zuriya uku, ta wajen uwa da ta wajen uba: wa ya yi ciwo, wane iri, yana da shekara nawa. Daga nan yake auna ko gwaji ya dace, ya bayyana wa mutum abin da sakamakon zai iya nufi tun kafin a ɗebi jini ko yawu, domin akwai wanda bayan ya ji bayani zai zaɓi kada ya sani, kuma wannan haƙƙinsa ne. Idan sakamako ya fito, shi ke fassara shi. A nan ne aikin ya fi wuya, domin amsa uku ce: akwai tawaya, babu, ko kuma an ga wani sauyi da masana ba su tantance illarsa ba tukuna. Wannan amsa ta uku ta fi yawa a wajen 'yan Afirka, saboda rumbunan bayanan da ake gwadawa da su galibi daga jinin Turawa aka tara su. Wanda bai ƙware ba zai iya karanta irin wannan takarda ya firgita gida guda a banza, ko ya sa a cire wa mace mama mai lafiya.

Sunan sana'ar ya samo asali ne daga Sheldon Reed na Jami'ar Minnesota a 1947, amma horo na musamman ya fara ne a 1969 a Kwalejin Sarah Lawrence da ke New York. Tsarin da aka gada daga can shi ne digiri na biyu na shekara biyu, bayan digirin farko a fannin kimiyyar halittu, jinya ko nazarin halayyar ɗan Adam. Ɗalibi yana koyon ilimin ƙwayoyin halitta da lissafin haɗari, yana koyon yadda ake isar da mummunan labari, sannan ya zauna da marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar malami kafin ya ci jarrabawar samun lasisi. Sankara na daga cikin fannonin da suka fi ɗaukar waɗannan ma'aikata a Amurka, musamman bayan 2013, shekarar da jaruma Angelina Jolie ta bayyana cewa tana ɗauke da tawayar BRCA1 kuma an cire mata mama biyu, kuma shekarar da Kotun Ƙolin ƙasar ta hana kamfani mallakar ƙwayar halittar ɗan Adam, abin da ya buɗe gasa ya karya farashin gwaji. Wasunsu a asibiti suke aiki, wasu a ɗakunan gwaje-gwaje, wasu kuma ta waya ko bidiyo suke ganawa da mutane.

A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta daɗe a fagen, inda jami'o'in Witwatersrand da Cape Town ke ba da digirin, kuma hukumar ma'aikatan lafiya ta ƙasar ke yi musu rajista. Jami'ar Ghana ta buɗe nata a farkon shekarun 2020. A Najeriya kuwa, likitoci da ma'aikatan jinya ne galibi ke yin aikin a gefen aikinsu. Gidauniyar Sikila ta Najeriya da ke Legas ta daɗe tana ba da gajeren horo kan shawarar gado, kuma a Ibadan an gwada horar da ma'aikatan jinya na sashen sankara su riƙa yin wannan zama da marasa lafiya.

A Arewa ba baƙi ba ne mu ga zancen gado a jini. Sikila ta koya mana AA da AS da SS, kuma a 2024 Jihar Kano ta mai da gwajin lafiya kafin aure doka. Wannan ci gaba ne, amma a ganina ya bar mana wata ɗabi'a mai haɗari: mun saba da gwajin da ke ƙarewa da hukunci, a ɗaura ko a fasa. Sankarar gado ba haka take ba. Sikila sai ƙwaya biyu sun haɗu daga uwa da uba. BRCA kuwa guda ɗaya ta isa, saboda haka fasa aure da wane ba ya kawar da komai. Haka nan auren zumunci ba shi ke haifar da ita ba, ko da yake yana iya sa ta yi ta zagaye a dangi guda. Kuma mai ɗauke da tawayar ba mara lafiya ba ce. Tana iya tsufa ba ta taɓa kamuwa ba.

Idan aka kawo gwajin ba tare da mai bayani ba, ba wuya a hango inda za a dosa. A garin da kowa ya san gidan kowa, daga Fantai har Ramin Hudu, magana ɗaya ta isa a ce 'yan matan gidan wane suna da daji a jini. Mata ne za su ɗauki laifin, alhali sau da yawa ta wajen uba abin ya biyo. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na ƙwayoyin halitta cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, amma doka ba ta hana surukai magana. Ga kuma tsohuwar fahimtar nan cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, wadda ke tsare mata a gida har ciwo ya ci ƙarfinsu. Mai ba da shawarar da zai yi tasiri a nan dole ya iya Hausa da Fulatanci ko Barbarci, ya san wa ake fara tuntuɓa a gida, ya san bambancin 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya yayin zana bishiyar gidan mata huɗu.

Wani zai ce wannan zancen masu hali ne, a yankin da ke fama da ciwon ƙoda da ambaliya da zazzaɓin cizon sauro, inda mai sankara ke tafiya Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya domin gashi. Maganar tana da nauyi. Gwajin yana da tsada, kuma sanin haɗari ba shi da amfani idan babu na'urar hoton mama a kusa. Amma rabin aikin ba ya bukatar na'ura. Tambayar tarihin dangi kyauta ce, kuma ita kaɗai tana iya sa ƙanwar mara lafiya ta fara zuwa duba tun tana da shekara 25 maimakon ta jira gyambo. Haka abin yake ga sankarar idon jarirai, wadda kusan kashi 40 cikin 100 nata na gado ne: idan an ga farin ɗigo a idon yaro guda, duba ƙannensa da wuri yana ceton ido da rai.

Waɗanda za a horar suna nan. Jigawa tana yaye ma'aikatan jinya da ungozomomi a Birnin Kudu, da jami'an lafiya a Jahun; Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da tsangayar likitanci, Jami'ar Sule Lamido kuma tana Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗeja kanta. Abin da ya rage aikin gwamnati ne: manhajar horo, matsayi a tsarin ma'aikata da albashinsa, da hukumar da za ta yi rajista, domin duk wanda ya yi digirin da babu gurbinsa a gida, jirgi zai hau. Cibiyar Bincike da Maganin Sankara ta Ƙasa, wadda dokar 2017 ta kafa kuma ta fara aiki a 2023, ita ce ya kamata a fara tambaya. Ta biyu kuma Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa: a katin da ake buɗe wa mace mai kullutu a mama a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, akwai layin da aka tanada domin tarihin danginta na wajen uba?