Motar Haibirid Da Ciwon Kai: Ina Gaskiyar Magana?

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Nima ko a Kumasi zai ga wasu ƙananan motoci suna wucewa shiru, sai ka ce turo su ake yi. Su ne ake kira haibirid, wato motar da ke tafiya da fetur da kuma wutar batir. Direbobin tasi na son su domin ba su shan mai sosai. To, amma ga wata magana ta ɓullo a tashoshin mota da teburan mai shayi, wai batirin nan yana fitar da wani ƙarfi na maganaɗisu wanda ido ba ya gani, kuma wai shi ke jawo wa direba ciwon kai da jiri da kasala. Magana ce da ta shafi lafiya, ta kuma shafi hanyar abincin mutane, shi ya sa muka ga ya kamata mu bi diddiginta.

Daga ina maganaɗisun yake?

Kamfanin Toyota ne ya fara sayar da irin wannan mota da yawa, lokacin da ya fito da Prius a Japan a 1997. Batirin motar fetur bolt 12 ne kawai, amma babban batirin Prius ya haura bolt 200, wato ya yi kusa da wutar gidajenmu mai bolt 230. Yana zaune ne a wajen kujerar baya, kuma manyan wayoyi ke ɗauko wutar su bi ta ƙarƙashin mota zuwa gaba.

Gaskiya ne duk wayar da wuta ke gudu a cikinta tana haifar da maganaɗisu a kewayenta. Haka fanka take, haka firji, haka injin aski. Ko motar fetur ba ta kuɓuta ba, domin wayoyin ƙarfen da ke cikin taya su ma suna fitar da nasu in taya na juyawa. Abin lura shi ne ƙarfin yana raguwa da sauri da zarar an ɗan nisanci wayar.

Me aka samu da aka auna?

Akwai wata hukumar masana ta ƙasa da ƙasa mai suna ICNIRP, wadda ta tsara iyakar maganaɗisun da bai kamata jikin mutum ya wuce ba. Ta fitar da ƙa'idarta a 1998, ta sabunta a 2010. A 2014 cibiyar bincike ta SINTEF da ke Norway ta bayyana sakamakon awon da aka yi wa motoci masu lantarki da na fetur da na gas. A wajen ƙafafu, inda ƙarfin ya fi yawa, bai kai kashi 20 cikin 100 na iyakar ba. A daidai kan mutum kuwa bai kai kashi 2 ba. A 2025 hukumar Jamus mai kula da irin wannan al'amari ta fitar da nata awon na motoci 14, har da haibirid. Ta ga ƙarfin yakan ɗaga na ɗan lokaci in an ta da mota, ko an taka totur ko birki da ƙarfi, amma duk motocin ba su ƙetare iyaka ba.

Sai dai kada mu ɓoye wa mai karatu ɗaya ɓangaren. A 2002 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan maganaɗisu a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna da hannu a ciwon kansa. Dalilinta shi ne wasu alƙaluma game da kansar jini a yaran da ke kwana da tashi a gidajen da ƙarfin ya fi na sauran gidaje. Da Hukumar ta sake duba batun a 2007, sai ta ce hujjar ba ta yi ƙarfin da za a ce maganaɗisun ne sanadi ba.

Masu cewa jikinsu na ji

A Turai akwai mutanen da ke cewa da sun kusanci wayar salula ko kayan lantarki sai kai ya sara, fata ta yi zafi, barci ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a kansu a birnin Prague a 2004, ta kuma fitar da bayani a 2005. Ta ce ciwon da suke ji na gaske ne, yakan ma hana wasu aiki, amma ba a sami hujjar da ta ɗaure shi da maganaɗisu ba.

Yadda ake gwadawa shi ne a zaunar da mutum a ɗaki, wani lokaci a kunna na'ura, wani lokaci a bar ta a kashe, ba tare da shi ko mai gwajin sun san wanne ne ba. A 2010 wasu masana a Landan suka tattara gwaje-gwaje 46 da aka yi wa mutum 1,175. Mutanen ba su iya bambance kunne da kashe ba, kuma ciwon kan taso ko da na'urar a kashe take, muddin mutum ya zaci a kunne take. Wannan ba ya nufin ƙarya suke yi. Fargaba kanta tana iya sa kai ya yi ciwo.

To, me ke damun direba?

Jiki magayi, in ji Hausawa, kuma bai kamata a yi watsi da abin da ya faɗa ba. Direban da ya wuni cikin cunkoson Accra, ga zafi, ga hayaƙi, ga ƙarancin barci da ƙarancin shan ruwa, yana da dalilan ciwon kai da yawa. Salansar da ta huje takan shigo da iska mai guba cikin mota, wadda ba ta da wari. Haibirid kuma tana tashi ba ƙara, tana rage gudu ta hanyar da jiki bai saba ba, wannan yakan sa wasu fasinjoji jiri da tashin zuciya. Uwa uba hawan jini da ciwon suga, waɗanda sukan daɗe a jiki ba a sani ba. Wanda ya sayar da motarsa da asara saboda tsoron batir, alhali jininsa ne ya hau, ya yi biyu babu. A fara da zuwa asibiti a auna jini, a kuma sa makanike ya duba salansa.

Masu na'urar daidaita bugun zuciya su ma an duba lamarinsu. A 2018 likitoci a birnin Munich na Jamus suka gwada majiyyata 108 a motocin lantarki guda huɗu, ba a ga na'urar kowa ta rikice ba. Duk da haka mai irin wannan na'ura ya nemi shawarar likitansa.

Haɗarin da ba a yawan faɗa

Inda ake bukatar tsoro na gaske shi ne gareji. 'Yan'uwanmu makanikai da yaransu a Suame da sauran wurare su sani, wayoyin nan masu kauri ruwan lemo ba na wasa ba ne, wutarsu tana iya kashe mutum nan take. Kafin a taɓa su sai an kashe mota, an zare filogin da ke yanke wutar batir, an sa safar hannu ta masu aikin lantarki, an kuma jira kamar minti goma. Wani abu kuma, shirun mota ba ya nuna a kashe take. Muddin alamar READY na haske a gaban direba, inji na iya tashi da kansa alhali yaro na ƙarƙashi, ko ya cika rufaffen gareji da hayaƙi cikin dare.

Iyayen gida a gareji su koya wa yaransu wannan tun ranar farko, direbobi kuma su riƙa auna jininsu a kai a kai. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.